3.4 Farantin Tangaran Mai Zanen Shuɗi a Ƙasar Yauri: Gane Zamaninsa da Kimanta Darajarsa

A fasalin da ya gabata an yi bayanin kayan jere na gargajiya, wato ƙwarya da akushi da tasa. Wannan fasali kuwa zai dubi baƙon kaya, wato babban farantin tangaran fari mai zanen shuɗi. Abin da ake son tabbatarwa shi ne, tsufa kaɗai ba ya sa faranti daraja, sai an san inda aka yi shi da hannuwan da ya bi kafin ya iso gidan da yake.

Asalin wannan sana'a ƙasar Sin ce, inda maginan garin Jingdezhen suka shahara da ita tun ƙarni na 14, suna zane da ma'adinin kobal kafin su gasa. Mutanen Holan sun kwaikwaye su a garin Delft a ƙarni na 17. Wajen shekarar 1784 masana'antar Spode ta Ingila ta ƙware wajen buga zanen daga allon tagulla zuwa takarda, daga takarda zuwa jikin faranti. Wannan dabara ce ta karya farashin kayan, har kamfanoni suka riƙa jibge su a kasuwannin duniya.

Shigowar irin wannan kaya Yauri tana da nasaba da kogin Kwara. Jiragen Turawa masu tururi ba sa wuce Jebba saboda duwatsun da ke cikin ruwa a wajajen Bussa, inda Mungo Park ya halaka a 1806. Saboda haka kaya mai fashewa sai dai ya ƙaraso ta kwalekwale ko a kan 'yan dako. Cinikin ya ƙarfafa ne bayan an ba Royal Niger Company izinin mallakar harkar kogin a 1886, aka kuma mayar da fadar Yauri garin Yelwa a 1888, sannan jirgin ƙasa ya iso Jebba a 1909. Bisa ga haka, duk wanda ya ce farantinsa na zamanin Park ne, ko na zuwan 'yan'uwan nan biyu Richard da John Lander Yauri a 1830, wajibi ne ya kawo hujja mai ƙarfi.

Hanyoyin gane faranti uku ne. Ta farko ita ce jikinsa. Tangaran na ainihi irin na Sin, idan aka ɗaga shi ga rana haske kan ratsa inda bai da kauri, idan aka ƙwanƙwasa kuma yakan yi amo mai zaƙi. Yawancin na Ingila na yumɓu ne da aka lulluɓe da farin ƙyalli, haske ba ya ratsa shi. Ta biyu ita ce zanen. Na hannu ana ganin sawun alƙalamin gashi, wani wuri ya yi duhu wani ya yi haske. Na bugawa kuwa yana da ƙananan ɗigo, kuma a bakin farantin akan ga inda takardun suka haɗu, zanen ya ɗan goce. Ta uku, wadda ta fi muhimmanci, ita ce tambarin da ke bayansa. Tambarin rajista mai kusurwa huɗu na Ingila ya yi aiki daga 1842 zuwa 1883, daga 1884 aka koma sa lamba. Kalmar "England" ta zama ruwan dare daga 1891, sakamakon dokar kwastan ta Amurka ta 1890 wadda ta tilasta rubuta ƙasar da aka yi kaya. Jimlar "Made in England" kuwa galibi alamar ƙarni na 20 ce. Haka nan sunan Petrus Regout yana nuna garin Maastricht na Holan.

Dangane da kuɗi, tsagewa da ɓalgacewar baki da ɗinkin waya duk suna rage farashi. Farantin bugawa da aka yi dubbai irinsa ba ya kai na hannu tsada, ko da ya shekara ɗari. Rashin sanin wannan kan jawo matsala biyu wajen rabon gado: ko dai magada su ɗora wa farantin kuɗin da bai kai ba har zumunci ya ɓaci, ko kuma su sayar wa dillali mai daraja a kuɗin kwano.

Ga mai nazarin tarihi kuwa, darajar tana ga labarin farantin. An fara gina madatsar Kainji a 1964, ruwa ya cika a 1968, aka tayar da mutane kimanin 44,000, ciki har da Gungawa da yawa waɗanda tsibiransu suka nutse. Gidajen da suka bari ba za a ƙara ganinsu ba, abin da ya rage shi ne kayan da suka ɗauko da abin da tsofaffi suka riƙe a ka. Don haka farantin da za a iya cewa na wance ne, an yi mata jere da shi a tsibiri kaza, ya zama shaidar cinikin kogi da ta ƙaura a lokaci guda. Ya kamata mai bincike a Yauri da Ngaski da Shanga ya rubuta wannan silsila tare da kwafe tambarin, tun masu labarin suna raye. Fasali na gaba zai dubi yadda kwanon sanholo ya maye gurbin waɗannan kayayyaki a ɗakin amarya.