Daga Kaset Zuwa Faifai: Tarihin Musun Gidan Gem

A lungunmu da ke Fagge akwai wani shago mai ƙofar langa-langa, da can tela ne a ciki. Da telan ya tashi, sai wani saurayi ya kama wurin, ya jera benci biyu, ya ɗora talabijin uku a kan katako, ya rataya tsohon labule don kada hasken rana ya riƙa dukan gilashi. Shi ke nan unguwa ta samu gidan gem. Ina firamare a lokacin, wajen tsakiyar shekarun 1990, kuma a kan bencin nan na fara jin musun da har gobe bai mutu ba, wato wace na'ura ce ta fi. 'Yan Sega suna gefe guda, 'yan Nintendo suna ɗaya gefen. Ni ɗan Sega ne, kuma babbar hujjarmu ita ce rubutun da ke jikin Mega Drive da ruwan zinare: 16-BIT. Babu wanda ya san ma'anarsa a cikinmu, amma kowa ya san sha shida ta fi takwas ɗin 'yan Nintendo.

Sai da na girma na bi tarihin kamfanonin nan, sannan na gane cewa mun bar jaki muna dukan taiki. Abin da ya raba gardama tsakaninsu shi ne ɗan abin da ake zura wa na'urar, kaset ne ko faifai, wa ke da ikon buga shi, kuma nawa yake isa hannun mai saye.

Sana'ar ta fara ƙarfi ne a Amurka. Kamfanin Atari ya fito da na'urarsa mai cin kaset a 1977, wadda aka fi sani da Atari 2600, ta shiga gidaje miliyoyi. Da aka ga akwai kuɗi, kowa ya faɗo ciki. Duk mai ɗan jari sai ya haɗa wasa ko yaya yake, ya zuba a kwali ya kai kanti. Iyaye suka gaji da sayen abin da yaro zai jefar bayan kwana ɗaya, kasuwar ta ruguje a 1983. A shekarar ce Atari ta kwashi kasusuwan da suka yi kwantai ta binne a juji a garin Alamogordo na jihar New Mexico. Mutane sun daɗe suna ɗaukar labarin a matsayin ƙanzon kurege, sai da aka tona wurin a 2014 aka same su.

A wannan shekarar ta 1983 ce kamfanin Nintendo na birnin Kyoto a Japan ya fito da tasa na'urar, Famicom. Nintendo tsohon gida ne, tun 1889 yake buga katin karta irin na Japanawa. Shugabansa na lokacin, Hiroshi Yamauchi, ya lura da abin da ya kashe kasuwar Amurka, ya ƙudurta cewa ba za a yi masa haka ba. Da suka kai na'urar Amurka a 1985 da sunan NES, sai suka sa mata wani ɗan cif mai aikin kwaɗo: kaset ɗin da ba shi da makulli ba zai tashi ba. Duk kamfanin da ke son yin wasa sai ya nemi izini, ba zai wuce wasa biyar a shekara ba, kuma Nintendo ce za ta buga masa kaset ɗin, ya biya kuɗi a gaba. Idan wasan bai karɓu ba, asarar tasa ce shi kaɗai. Tsarin ya tsabtace kasuwa, Super Mario Bros. na Shigeru Miyamoto ya ja jama'a, an sayar da na'urar sama da miliyan 60. Sai dai masu haɗa wasanni sun yi biyayya ne irin ta dole, suna jiran ranar da wata ƙofa za ta buɗe.

Mu a Kano ba mu san da wannan kwaɗo ba, domin abin da ya iso mana jabun Famicom ne da ake ƙerawa a Taiwan da Sin. Famicom ta Japan ba ta da wancan cif ɗin, saboda haka kwaikwayonta bai yi wuya ba. Su ne masu kaset rawaya, wanda za a rubuta masa wasa 999 a jiki, ka duba ka tarar wasa goma ne ake ta maimaitawa da sabon suna. A ciki muka san Mario da Contra da wasan harbin agwagi da bindigar roba. In kaset ya ƙi tashi sai a zare shi, a hura masa iska da baki, a mayar. Abin da na fi tunawa shi ne musanya. Ka gama da naka, ka kai wa ɗan makwabta ya ba ka nasa, ko ka je kasuwar Sabon Gari ka ɗora 'yan kuɗi a canza maka. Kaset ɗaya yakan zaga unguwa kaf kafin ya dawo hannun mai shi, takardar jikinsa duk ta ɗaye.

Sega ce ta fara tsaya wa Nintendo a gaba da gaske. Mega Drive ta fito a Japan a 1988, a Amurka kuma a 1989 da sunan Genesis. A gida Japan ba ta yi wani tasiri ba, amma a Amurka, bayan Tom Kalinske ya karɓi ragamar reshen kamfanin a 1990, ya rage farashi, ya riƙa haɗa wa mai saye da wasan Sonic na 1991 a cikin kwali, ya kuma tallata ta a matsayin na'urar samari, Nintendo kuwa ta ƙananan yara. Da Mortal Kombat ya zo gida a 1993, Nintendo ta cire jinin ta mayar da shi gumi. Sega ta bar shi a ɓoye, sai wanda ya danna A, B, A, C, A, B, B a farkon wasa. Babu yaron shagonmu da bai haddace waɗannan haruffa bakwai ba. A Amurka maganar jinin ta kai har gaban 'yan majalisar dattawa a Disambar 1993, abin da ya haifar da hukumar da ke rubuta shekarun da suka dace a jikin kowane wasa daga 1994. Mu namu hukuncin a gida aka yanke shi. Wata rana mahaifina ya leƙo shagon bayan La'asar, ya tsaya ya kalli gilashin na ɗan lokaci, ya dubi mai shagon ya ce, "Samari, wannan na yankan ka bar wa manya. Yaran nan a sa musu ƙwallo." Mai shagon ya russuna ya ce, "To Baba, in sha Allahu." Ya kuwa cika alkawari, aƙalla a kaina.

Labarin da ya fi ɗaukar hankalina a duk tarihin nan shi ne na shigowar Sony, domin Nintendo ce da hannunta ta raini wanda zai kayar da ita. Wani injiniyan Sony mai suna Ken Kutaragi shi ya ƙera cif ɗin sauti na Super Nintendo, magajiyar NES. Daga nan kamfanonin biyu suka ƙulla yarjejeniyar haɗa na'ura mai cin faifan CD. A bikin baje kolin kayan lantarki na Chicago a watan Yunin 1991, Sony ta tashi ta sanar da na'urar, sunanta Play Station. Washegari Nintendo ta hau mumbari ta ce ita da Philips na ƙasar Holan za ta yi aikin. Dalili kuwa shi ne Yamauchi ya ga yarjejeniyar ta bar wa Sony iko da ribar wasannin da za a buga a faifai, shi kuma duk ginin gidansa a kan wannan ikon yake. An kunyata Sony a bainar jama'a. Da yawa cikin manyan kamfanin sun so a haƙura da harkar wasan yara, amma shugabansu Norio Ohga ya ba Kutaragi izini ya ci gaba shi kaɗai. PlayStation ta fito a Japan ranar 3 ga Disamba, 1994.

A taron baje kolin wasanni na E3 a 1995 Sega ta sanar da cewa sabuwar na'urarta, Saturn, Dala 399 ce. Da aka kira wakilin Sony, ya hau ya faɗi lamba ɗaya tak, 299, ya sauka. Nintendo kuwa ta dage a kan kaset, ta fito da Nintendo 64 a 1996. Na'ura ce mai ƙarfi, kuma kaset ba ya sa mutum jira kamar faifai. Amma mafi girman kaset ɗinta megabait 64 yake ɗauka, faifai kuwa wajen 650. Kaset yana da tsadar bugawa, yana cin makonni kafin a kawo, faifai kuwa araha ne, in wasa ya ƙare a kanti cikin 'yan kwanaki an sake bugowa. Ƙofar da masu haɗa wasanni suke jira ta buɗe. Kamfanin Square, wanda ya yi shekaru tare da Nintendo, ya ɗauke Final Fantasy VII ya kai wa Sony a 1997, a kan faifai uku. A ƙarshe an sayar da PlayStation sama da miliyan 100, Nintendo 64 kuwa wajen miliyan 33.

Wannan arahar ta faifai ita ce ta ninka a wajenmu. PlayStation ta iso lungunmu a ƙarshen shekarun 1990, galibi ta hannu, 'yar Beljiyom. Mai gyara zai buɗe ta ya liƙa mata cif da dalma, daga nan ta daina tambayar asalin faifai. Na asali bayansa baƙi ne wuluk, na kwafi fari ne kamar na waƙa, kuma kuɗin kaset ɗaya na Sega zai saya maka su da yawa. Kowace na'ura da halinta. Wadda ta fito daga Japan wutar 100 take sha, in ka jona ta kai tsaye ba tare da sitef-dawun ba sai dai ka ji ƙauri. Wata kuma hotonta baƙi da fari yake fitowa saboda tsarin talabijin ɗinmu ya bambanta da nasu. In idon da ke karanta faifai ya gaji, sai a kifa na'urar ko a jingine ta a tsaye, kowa ya yi shiru ana jiran tambarin PS ya wuce. Ga NEPA, wadda kan ɗauke wuta ana dab da tashi daga wasa, a shiga rigimar wa ke kan gaba.

Cikin shekara biyu mai shagonmu ya tattara Sega ya zuba a kwali. Wasa ɗaya ne ya cinye sauran, wasan ƙwallon ƙafa na Winning Eleven na kamfanin Konami. Rubutunsa duk Japananci ne, mun haddace shi ne da gurbi: na biyu daga sama, sannan na uku, sannan ka zaɓi ƙasa. Muryar mai sharhin, Jon Kabira, har a filin ƙwallon ƙasa yara suke kwaikwayonta. Kuma a cikin wasan akwai namu. Nijeriya ta ci zinare a ƙwallon Olimfik na Atlanta a 1996, ga Kanu ga Okocha, ga kuma Tijjani Babangida ɗan Kaduna, wanda yake Ajax a lokacin. A wasan kusan babu mai kamo shi a gudu, har samarin wasu ƙasashe da ba su san inda Kaduna take ba sun san sunansa. Ganin Bahaushe a cikin na'urar da aka ƙera a Japan ba ƙaramin abu ba ne a wajen yaro. Doka kuwa ɗaya ce, wanda aka ci shi ke biya, ya miƙa fad ga na bayansa.

Ba zan ɓoye ba, faifan nan haƙƙin wasu ne muka ci. Na fahimci nauyin abin ne daga baya, da na ga yadda masu kwafi suka durƙusar da 'yan fim ɗin Hausa a cikin garin nan namu, mutum ya zuba jarinsa wani ya kwashe ribar. Gaskiya ne kuma cewa babu ɗaya cikin kamfanonin da ya buɗe mana kanti ko ya yanka farashi daidai aljihunmu. Duka biyun haka suke, ɗaya bai goge ɗaya ba.

Sega ta yi yunƙurin ƙarshe da Dreamcast a 1998, na'ura mai kyau wadda ta zo da hanyar shiga intanet, amma jama'a suka zauna jiran PlayStation 2. Ita kuma da ta zo a 2000 tana kunna fim ɗin DVD, tana kuma cin tsofaffin faifan PS1, ta wuce miliyan 155. A farkon 2001 Sega ta sanar da daina ƙera na'ura. Ranar da na fara ganin Sonic a na'urar Nintendo na ji wani iri a raina.

A ƙarshen 2001 Microsoft ta shigo da Xbox, kuma ita ta san karatun cewa mai jama'a ke cin kasuwa tun a fagen kwamfuta. Lokacin da IBM ta fito da kwamfutarta a 1981, Microsoft ta ba ta manhajar DOS amma ta riƙe 'yancin sayar wa wasu. Kamfanoni suka yi ta ƙera irin ta IBM, masu rubuta manhaja suka bi inda jama'a suke, Windows ta gaji wannan taron. Apple ta riƙe Macintosh a hannunta kamar yadda Nintendo ta riƙe kaset. Linux, da Linus Torvalds ya fara a 1991, kyauta ce, na kuma yi shekaru ina aiki da ita ina jin daɗinta. Amma je ka wajen masu buga katin biki da kalanda ka ce su koma kanta, tambayar farko ita ce ko CorelDraw zai hau. A gidan gem kuwa Xbox ce ta tarar an riga ta: masu gyara PS suka iya, fad ɗin PS ne a kasuwa, hannun yara ya saba da alwatika da da'ira.

Shagon lungunmu yanzu na cajin waya ne da POS. Gidajen gem na yau suna da kujerun roba da janareto da faffaɗan talabijin, kuma da wuya ka ga faifai, a cikin na'urar ake loda wasa. Kwanakin baya ɗan yayata ya same ni da maganar kuɗin da ya tara.

"Kawu, PS5 zan saya ko Xbox?"

Na ce ya fara bi ta Beirut Road ya tambayi masu gyara wacce suke da kayanta, sannan ya lissafa kuɗin data, domin wasa ɗaya yanzu yakan haura gigabait hamsin. Ya ce ai ya riga ya yanke shawara a kan PS5 marar ramin faifai, ta fi araha.

"To in ka gama wasa, da wa za ka yi musanya?"

Ya dube ni ya ce, "Musanyar me, Kawu?"