Tsakanin Cancanta da Kason Jihohi: Tarihin Jarrabawar Shiga Makarantun Haɗaka

A kowace shekara, wajajen ƙarshen bazara ko farkon damina, dubun-dubatar yara 'yan shekara goma zuwa sha biyu kan zauna a cibiyoyi daban-daban na Najeriya su rubuta jarrabawar da aka fi sani da kwaman entirans, wadda hukumar NECO ke shiryawa. Abin da suke nema shi ne gurbi a makarantun sakandaren gwamnatin tarayya, waɗanda ake kira makarantun haɗaka. Da zarar sakamako ya fito kuma sai tsohuwar gardama ta taso: wasu na cewa ana zaluntar yaran da suka ci maki mai yawa, wasu na cewa in babu kason jihohi to wani yanki zai kwashe guraben duka. Tarihin jarrabawar ya nuna cewa ɓangarorin biyu suna jayayya ne a bakin ƙofa, alhali an gama raba rabo tun a firamare. Jarrabawar tana auna irin makarantar da yaro ya fito da irin shirin da aka yi masa fiye da yadda take auna baiwarsa, kason jihohi kuwa an kawo shi don a rage wannan tazara, sai ya zama uzurin barinta yadda take.

Tazarar ilimin boko tsakanin Kudu da Arewa ta girmi Najeriya kanta. 'Yan mishan sun sauka Badagry a 1842, kuma a 1859 suka buɗe makarantar CMS Grammar School a Legas. Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa King's College a 1909, sannan Queen's College ta 'yan mata a 1927. A Arewa kuwa Turawa sun taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautun Musulmi, su kansu kuma ba su kashe wa ilimin boko abin a zo a gani ba. A shekarar da aka buɗe King's College ne Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fara makarantarsa ta Nasarawa a Kano. Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, ita ce ta zama ƙololuwar karatun boko a yankin. An mayar da ita Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, daga baya ta zama Kwalejin Barewa. A wannan kwaleji, tun tana Katsina, su Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Hanyar shigarta a wancan zamani ƙunci gare ta: yaro ya bi ta elementare, ya haye Midil ta lardinsa, sannan a tsamo 'yan ƙalilan daga kowane lardi. A matakin farko ma sau da yawa hakimi ake ɗora wa nauyin kawo yara, iyaye da dama kuma suna ɓoye nasu. Wato tun daga tushe, wanda ya kai ga zama a ɗakin jarrabawa an riga an tace shi ta hanyoyin da ba su da alaƙa da kaifin ƙwaƙwalwa. Da gwamnatin Obafemi Awolowo ta fara ilimin firamare kyauta a Jihar Yamma a 1955, sai tazarar ta ƙara faɗi.

Makarantun haɗaka sun zo ne a matsayin maganin wata cuta ta siyasa. A 1966 aka buɗe kwalejojin gwamnatin tarayya guda uku a Sakkwato da Warri da Okposi, da niyyar haɗa yara daga yankuna daban-daban a ɗakin kwana ɗaya. A shekarar ce aka yi juyin mulki har sau biyu, daga 1967 zuwa 1970 kuma aka gwabza yaƙin basasa. Bayan yaƙin, gwamnatin Yakubu Gowon ta ɗauki wannan tsari ta faɗaɗa shi. A 1973, shekarar da aka kafa hukumar yi wa ƙasa hidima ta NYSC, aka buɗe sababbin kwalejojin tarayya a garuruwa irin su Kano da Kaduna da Jos da Maiduguri da Ilorin da Fatakwal, daga bisani aka ƙara da na 'yan mata a wurare kamar Bida da Kazaure da Bakori. Duk lokacin da aka ƙirƙiro sababbin jihohi sai a ƙara makarantu, har adadinsu ya kai 104, inda ya daɗe, kafin ya haura 110 a 'yan shekarun nan. Abin lura shi ne manufar farko haɗa kan ƙasa ce. Ba a gina su don a tara mafi hazaƙan yara kaɗai ba. To amma da yake sun fi makarantun jihohi malamai da kayan aiki, guraben kuma ba su isa masu nema ba, dole aka nemi hanyar tacewa, sai jarrabawa ta zama mai tsaron ƙofa.

Daga nan aka ɗora wa jarrabawa guda ayyuka biyu masu karo da juna: ta zaɓo waɗanda suka fi maki, ta kuma tabbatar kowace jiha ta sami wakilci. Tsarin mulkin 1979 ya shigar da ƙa'idar raba daidai tsakanin sassan ƙasa a harkokin gwamnatin tarayya, na 1999 ya riƙe ta, kuma shi ne tsarin mulkin da sashensa na 42 ya haramta nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda asalinsa. Hukumomin da ke shirya jarrabawar sun sauya, daga WAEC zuwa wata hukumar auna ilimi ta ƙasa a farkon shekarun 1990, sannan NECO da aka kafa a 1999 mai hedikwata a Minna, amma wannan cin karo bai sauya ba. Rabon da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta riƙa sanarwa a shekarun baya-bayan nan shi ne kashi 60 cikin ɗari na guraben bisa cancanta, kashi 30 a raba daidai tsakanin jihohi, kashi 10 kuma a bar wa buƙatu na musamman. Maganar ta je kotu fiye da sau ɗaya. A ƙarshen shekarun 1980 an shigar da ƙara a madadin wata yarinya 'yar asalin Jihar Ogun da aka ƙi kiranta ganawa alhali an kira waɗanda ta fi maki daga wasu jihohi. Shari'ar, wadda aka fi sani da ta Badejo, ta kai Kotun Ƙoli a 1996 ba tare da an warware ainihin tambayar ba. A 2013 jerin mafi ƙarancin makin shiga ya bazu a jaridu: Anambra 139 cikin 200, yayin da aka sa wa yara maza na Zamfara 4, na Yobe 2. Lauya Olisa Agbakoba ya kai ƙara, a 2014 kuma Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta yanke cewa bambanta makin bisa jiha ya saɓa wa tsarin mulki. Duk da haka kason jihohi bai fita daga tsarin ba.

Ana cikin wannan ja-in-ja wani abu na uku ya girma ba tare da an kafa masa doka ba, wato kasuwar shirya yara. Shirin ilimin firamare na bai-ɗaya da aka ƙaddamar a 1976 ya cika azuzuwa da ɗalibai fiye da yadda aka tanadi malamai, matsin tattalin arzikin shekarun 1980 kuma ya kawo tsaikon albashi da yajin aiki. Masu hali suka kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi, su kuma waɗannan makarantu suka gane cewa babu tallar da ta kai a ce ɗalibansu kaza sun ci kwaman entirans. Tsarin jarrabawar ma ya taimaka wa wannan kasuwa. Tambayoyi ne na zaɓi-ɗaya a kan lissafi da Turanci da kimiyya da zamantakewa, sai kuma gwajin kaifin tunani na lambobi da na kalmomi, duka da Turanci, cikin ƙayyadadden lokaci. Irin waɗannan tambayoyi salonsu kan maimaita kansa, wanda ya sha bitarsu yana gane su da kallo ɗaya. Shi ya sa littattafan tsofaffin tambayoyi suka cika kantuna, lesin na yamma da na ranar Asabar ya zama sana'a, jarrabawar gwaji ta zama al'ada. Abin ya kai a makarantun kuɗi da yawa aji shida ya kusa ɓacewa, domin daga aji biyar ko huɗu ake tura yara, har ma'aikatar ilimi ta sha kokawa da yawan masu ƙarancin shekaru a ɗakin jarrabawa. Yaron da ke firamaren ƙauye, wanda bai taɓa riƙe takardar cike gurbi da fensir ba, Turanci kuma sai a bakin malami yake jinsa, yana zama a kan benci ɗaya da wanda ya shekara biyu yana bita. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma maki ba ya bayyana wanda aka fafe wa tun bara.

Masu adawa da kason jihohi suna da hujja mai nauyi, kuma bai kamata ɗan Arewa ya yi saurin watsi da ita ba. Yarinyar da ta ci 130 aka bar ta a gida ba ita ta hana gina makarantu a wata jiha ba, kuma hukunta yaro saboda jihar kakansa abu ne da ke da wuyar karewa. Sai dai hujjar tana tsaye ne a kan zaton cewa maki da cancanta abu ɗaya ne, alhali tarihin da ya gabata ya nuna cewa maki ya ƙunshi shekarun da yanki ya yi da boko, da kuɗin lesin, da harshen da ake yi a gida. Kuma makarantar da aka gina don haɗa ƙasa, in aka cika ta da 'yan jihohi shida ko bakwai, ta rasa dalilin kasancewarta ta tarayya. Akwai kuma wani ɓangare da ba a cika faɗa ba. Makin shiga na 2 ko 4 ba ma'aunin basirar yaran wata jiha ba ne. Alama ce ta ƙarancin waɗanda suka zauna, ta yadda sai an sauko har ƙasa kafin a cike kason. A lokacin rajistar 2018 ma'aikatar ilimi ta bayyana cewa yara 28 kacal suka yi rajista daga Zamfara, a lokacin da Legas ke da sama da 24,000.

To amma wannan adadi ya fi zama tuhuma ga masu kare kason fiye da masu adawa da shi. In bayan shekaru sama da arba'in da faɗaɗa tsarin jiha guda ta kasa tura yara ɗari a wannan shekarar, to kason bai yi aikin da aka ce zai yi ba. Dalili a fili yake: ana lissafa shi ne da jihar asali, ba da inda yaro ya yi firamare ba. Ɗan babban ma'aikaci da ya tashi a Abuja, ya yi makarantar kuɗi, ya sha lesin, takardar shaidar ƙaramar hukumar mahaifinsa ta ishe shi ya shiga gurbin da aka ware da sunan jihar da aka bari a baya. Ɗan manomin da aka yi hujja da shi kuwa sau da yawa ko labarin fom bai ji ba. Matsalar tsaro ta ƙara tsananta lamarin: kisan ɗalibai a kwalejin tarayya ta Buni Yadi a 2014 da sace na Birnin Yawuri a 2021 sun sa iyaye da dama, na Kudu da na Arewa, sun daina yarda a tura 'ya'yansu nesa, wanda hakan ya raunana cuɗanyar da aka kafa makarantun dominta.

Wasu kan ce tunda haka ne a soke jarrabawar baki ɗaya. Wannan ma ba mafita ba ce, domin matuƙar masu nema sun fi guraben yawa dole a tace, kuma in aka janye jarrabawa abin da zai maye gurbinta shi ne takardar wani babba da kiran waya. Da duk aibinta, jarrabawa ce kaɗai ƙofar da ɗan talaka mai hazaƙa zai iya bugawa ba tare da ya san kowa ba. Tarihin Kano ya nuna cewa tacewa na iya zama alheri in aka haɗa ta da renon waɗanda za a tace. A 1977 jihar ta kafa makarantun sakandaren kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, tana zaɓo ɗalibai ta jarrabawa daga cikin waɗanda suka riga suka fara sakandare a makarantun jihar, ta ba su malamai da ɗakunan gwaji, kuma daga cikinsu aka sami ɗimbin likitoci da injiniyoyin da Kano da Jigawa ke alfahari da su. Jihar ba ta nemi a rage mata maki a wani wuri ba. Ta ƙara yawan yaranta da za su iya cin makin.

Saboda haka gyaran da tarihi ke nunawa bai tsaya ga zaɓi tsakanin cancanta da kaso ba. Kason ya kamata ya bi firamaren da yaro ya yi, a kuma ware wani ɓangare nasa ga 'yan makarantun gwamnati, a sa masa mafi ƙarancin makin da ba za a sauko ƙasa da shi ba. Bitar da iyaye masu hali ke saye da kuɗi, hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi za su iya shigar da ita cikin aikin aji biyar da shida, su biya kuɗin rajista, su kai cibiyoyin jarrabawa kusa da ƙauyuka. Ya kamata kuma a riƙa wallafa adadin 'yan firamaren gwamnati da kowace jiha ta shigar a kowace shekara, domin da wannan adadi ne za a iya tambayar gwamna da kwamishinansa abin da suka yi da kason da ake ta faɗa a kansa da sunan talakawansu.