Dokin Takarda da Dokin Kwalta: Yadda Aka Faro Auna Ƙarfin Inji

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, gwamnati ta shiga kwaɗaitar da masu motoci su juya injunansu zuwa iskar gas, wata gardama ta samu wurin zama a bakin direbobin Dutse. Wasu sun ce motar da aka juya ta rage ƙarfi, ba ta amsa totur kamar da. Wasu sun ce tsoron sabon abu ne kawai. Wannan ya ce shi ya taka ta daga Kwanar Huguma har Wudil, gani ya kori ji. Wancan ya zaro takardar kamfani ya nuna lamba. Gardamar ta girmi gas nesa ba kusa ba, domin ita ce ake yi tsakanin masu babur Boxer da masu Jincheng, ita ce manoman rani suke yi a kan injin ban ruwa. Tushenta tambaya ɗaya ce: a ina ake sanin ƙarfin inji, a kan na'ura ko a kan hanya?

Kakanninmu ba su da wannan matsala. Mai son sanin ingarman da ya fi sai a kai su filin sukuwa a saki linzami. Lamba ta shigo ne daga Ingila wajen 1783, lokacin da James Watt yake neman masu sayen injinsa mai aiki da tururi. Masu ma'adinai da masana'antu dawaki suke ɗaurawa su juya musu na'ura, don haka Watt ya yi musu lissafi da abin da suka sani. Ya tsayar da cewa ƙarfin doki ɗaya shi ne abin da zai ɗaga kaya mai nauyin wajen kilo 75 zuwa tsayin mita ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya. A riƙe wannan da kyau: ɗan kasuwa ne ya haifi lambar, don talla ya haife ta.

Hanyar tantance ta sai da ta jira 1821, lokacin da wani Bafaranshe, Gaspard de Prony, ya ƙera birkin awo. Katako biyu ake matse sandar inji da su tana juyawa, a haɗa musu dogon hannu, a rataya nauyi a ƙarshensa har ya daidaita. Nauyin da tsawon hannun su ba da ƙarfin murɗawa, a ninka da yawan zagayen da injin yake yi a minti, a samu ƙarfin doki. A 1877 William Froude ya maye gurbin katakon da ruwa, don auna injunan jiragen ruwa. Duk na'urar da ake kira dayino a yau jikar waɗannan biyun ce, ko an ɗora inji tsirara a kanta, ko an hau da mota gaba ɗaya tayoyinta suna juya gangar ƙarfe.

Labarin da ya fi kama da namu a Jigawa na wani manomi ne a jihar Nebraska ta Amurka, Wilmot Crozier. Ya sayi tarakta bisa alkawarin da aka rubuta, ta kasa aikin. Da ya shiga majalisar jihar sai ya kawo doka a 1919, wadda ta hana sayar da kowace irin tarakta a Nebraska sai jami'ar jihar ta gwada samfurinta. An fara a 1920 da wata mai suna Waterloo Boy. Abin lura shi ne gwaji biyu suke yi: ɗaya a tsaye a kan na'ura, ɗaya tana jan kaya a fili. Manoman nan ba su ɓata lokaci wajen zaɓar ɗaya ba. Abin da suka nema shi ne mai awon ya zama ba shi da riba a cinikin.

Ɓangaren kwalta kuwa samari ne suka kafa shi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu matasan Kalifoniya suka dinga gyara tsofaffin motoci suna tsere a titunan gari, ana asarar rayuka. A 1950 aka buɗe musu wani titin jirgin sama a Santa Ana, a 1951 Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA don raba tseren da hanyar jama'a. Ƙa'idar ba ta da wuya: miƙaƙƙen fili mai tsawon rubu'in mil, wato mita 402, a tashi daga tsaye, agogo ya ɗauki lokaci, wata na'ura ta ɗauki gudun da aka ƙetare layi da shi. Daga baya irin su Roger Huntington da Patrick Hale suka tara sakamako suka fitar da lissafi, ta yadda in ka san nauyin mota da gudunta a ƙarshen layi za ka iya ƙiyasta ƙarfinta. Motar da ta kai kilo 1,500 da direbanta, mai doki 150, za ta gama cikin daƙiƙa 16 da ɗoriya, tana gudun wajen kilomita 134 a awa. Manyan motocin tseren ma, waɗanda aka rage wa nisa zuwa mita 305 bayan mutuwar direba Scott Kalitta a 2008, sun fi ƙarfin dayino. Sai a 2015 aka dasa ma'auni a jikin ɗaya tana gudu, aka samu sama da doki 11,000.

To me ya sa lambobin biyu ba sa haɗuwa? Bayanin da aka fi ji a gareji shi ne na'ura ƙarya take yi. Masu wannan ra'ayi suna da abin kafa hujja. A 2015 aka kama kamfanin Volkswagen ya saka wa motocinsa na dizal kimanin miliyan 11 manhajar da ke gane an ɗora su a kan gangar gwaji, sai su rage hayaƙi, in sun hau titi su koma halinsu. Masu bincike na Jami'ar West Virginia ne suka tona asirin da gwajin hanya. Amma a nan mota ce ta yaudari na'ura, na'urar ta faɗi abin da ta gani. Wasu kuma su ɗora laifin a kan gurɓataccen mai ko kayan jabu. Akwai su, ba musu. Sai dai ko da sabuwar mota ce fil da mai tsabta, lambobin ba za su zo ɗaya ba.

Ni a ganina abu biyu ne, kuma sun wadatar. Na farko, wurin da aka auna. Lambar takarda a bakin inji ake ɗaukarta, kafin ƙarfin ya ratsa kulochi da giya ya isa taya, inda galibi ake asarar wajen kashi 15 cikin ɗari. Kafin 1972 ma kamfanonin Amurka suna auna inji ne babu salansa, babu fanka, babu matatar iska. Da aka canza ƙa'ida sai lambobi suka zube, alhali injunan ba su canza sosai ba. Injin Honda GX160, wanda ake kwaikwayon siffarsa a injunan ban ruwan da ke fadamun Kiyawa da Jahun da Miga, kowa da doki 5.5 ya san shi. Takardar Honda ta yau 4.8 ta rubuta.

Na biyu shi ne iska, kuma nan ne aka fi mantawa da mu. Inji iska yake shaƙa ya ƙona mai da ita, yawan iskar ne ke yanke masa iyaka. Ƙa'idar awo ta Amurka tana ɗaukar zafi a digiri 25 da matsin iska irin na kusa da gaɓar teku. Dutse tana sama da teku da fiye da mita 400, ga rana a Afrilu tana haura digiri 40. In ka bi lissafinsu, injin da ba shi da ciwon komai ya riga ya yi asarar kashi 7 ko 8 cikin ɗari da tsakar ranar bazara. Ƙara da ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska. Ka ga bakanike ya ciro ta daga babur ya buga a gefen benci, jar ƙura ta turnuƙe, mai babur kuma yana ta rantsuwa ringi ne ya mutu. Boxer ɗin da tun asali bai wuce doki 8 da 'yan kai ba, me ya rage masa in ya ɗauki mutum biyu da buhun gero?

Da wannan ma'auni gardamar gas tana warwaruwa. Gas yana cin wuri a hanyar da iska ke shiga inji, don haka injin fetur da aka juya yakan rasa wajen kashi 10 cikin ɗari, wani lokaci fiye, ga nauyin tukunyar a but. Direban da ya ce ta rage ƙarfi gaskiya ya faɗa. Wanda ya ce bai ji bambanci ba shi ma bai yi ƙarya ba, domin gudu ba ya bin ƙarfi kai da kai. Kafin ka ninka gudu sau biyu sai ka ninka ƙarfi sau takwas. Motar nan ta ɗazu in ta rasa kashi 10 na ƙarfinta, daga 134 zuwa 130 kawai za ta sauko. A shimfiɗaɗɗiyar hanya babu lodi, ba mai ji. A cika ta da fasinja da kaya, a zo wuce tirela, nan take abin ya fito.

Shi ya sa gwajin da muke yi bai gamsar da ni ba. Bakanike ya gama aiki, yaronsa ya hau ya murɗa totur ya ɓace wajen Shuwarin, ya dawo ya ce ta yi. Ba a auna nisa ba, ba a riƙe agogo ba, ba a san nauyi ba, kuma a hanyar da yara da dabbobi suke tsallakawa aka yi shi. Dutse tana da jami'ar tarayya tun 2011, tana da kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha. Ina so in ga gangar gwaji a ɗaya daga cikinsu a buɗe ga jama'a, direba ya biya ɗan kuɗi a ɗora motarsa kafin a juya ta da kuma bayan an juya, a rubuta masa lambobin biyu tare da zafin ranar. Manomin da zai sayi injin ban ruwa da kuɗin amfanin gonarsa shi ma ya kai nasa a duba masa ko 5.5 ɗin da aka manna a jikin tankin ya kai 4.