Ma'aunin iskar taya: yaushe yake faɗin gaskiya, yaushe yake ruɗin mu?

Da yawa cikinmu idan mai faci ya ɗora ma'auni a taya ya ce "ta yi", shi ke nan mun yarda. Amma shi ma'aunin kansa yana iya kuskure, kuma a kan kwalta mai zafi kuskuren ba ƙarami ba ne.

Ma'auni iri uku ne. Akwai mai kamar biro, wanda iska ke turo ɗan sanda waje. Yana da araha, sai dai ƙura da tsufa suna sa sandan ya riƙa cijewa. Akwai mai allura kamar agogo, wanda wani Bafaranshe, Eugène Bourdon, ya ƙirƙiro tsarinsa a 1849. Yana da kyau, amma faɗuwa ɗaya a ƙasa tana iya karkatar da shi. Sai mai batir da ke nuna lamba, wanda ya fi sauƙin karantawa muddin batirin na da ƙarfi.

Mu lura da abin da aka rubuta a jikinsa. Wani "bar" ne, wani "PSI", kuma bar 1 daidai yake da PSI 14,5. Ƙaramar mota galibi tana son bar 2 zuwa 2,5, wato kusan PSI 30 zuwa 36. Ainihin adadin yana manne a bakin ƙofar direba ko cikin murfin tanki. Lambar da ke jikin tayar mota kuwa iyaka ce da ba a wucewa, ba ita ce ake hurawa kullum ba.

Ga inda ake yawan ruɗewa: ma'auni mai allura ya fi faɗin gaskiya a tsakiyar zagayensa. Kuskurensa ana lissafa shi ne a kan iyakar da yake kaiwa. Wanda ke kai bar 11, idan yana kuskuren kashi 2 cikin 100, zai iya kaucewa da bar 0,2. Ga keken tsere mai shan bar 6 zuwa 8 wannan ba komai ba ne, amma ga tayar mota mai bar 2 kashi ɗaya cikin goma ke nan. Don haka mota da moto sun fi dacewa da ma'aunin da ya tsaya a bar 4 ko 5.

Keke na da nasa sha'ani. Tayarsa siririya ce, duk awo ɗaya iska na ɗan fita, mai yawan awo da kansa yake rage ta. Sannan tsohon bakin tayar keke mai ɗan roba a ciki ba ya barin iska ta komo, shi ya sa ma'auni ba ya karanta shi daidai.

Zafi ma yana da hannu. Duk ƙarin digiri 10, iskar taya na hawa da kusan bar 0,1. Motar da ta taso daga Maradi zuwa Zinder da tsakar ranar Afrilu za ta nuna bar 0,2 ko 0,3 sama da na safe. Kada a sace wannan iskar. Tayar da iskarta ta yi ƙasa ita ce ke lanƙwasawa ta ɗauki zafi har ta fashe, ga shan mai da saurin cinyewa.

Shawararmu: a auna da safe kafin mota ta yi tafiya, aƙalla sau ɗaya a wata, har da safaya. A duba allura ta koma sifiri. A gwada taya ɗaya da ma'auni biyu ko uku. Wanda ya saɓa wa sauran da bar 0,2, a ajiye shi. Allah ya kai kowa gida lafiya.