Tiyar Awon Tamowa: Daga Yunwar 2005 Zuwa Saƙar Ma'ana

Ƴan uwana ɗalibai, mu da muka tashi tsakanin Madawa, Buza da Keita mun san yunwar 2005, ko da a bakin iyaye ne. Bayanta ƙungiyar MSF ta zauna a asibitocin Madawa da Buza tana jinyar yara masu tamowa. Tambayata ita ce: da wace tiya aka auna aka ce wanga yaro na da tamowa, wancan ba shi da ita?

A lokacin ana aiki da ma'aunin NCHS na 1977, wanda aka gina kan yaran Amurka, da yawansu masu shan madarar gwangwani. A 2006 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta fito da sabo, bayan ta auna yara masu shan nonon uwa a Ghana, Indiya, Oman, Burazil, Norwe da Amurka. Da masu bincike suka ɗauko bayanan yaran Maraɗi na 2006 suka gwada, sai sabon ma'aunin ya nuna masu tamowa mai tsanani sun ninka na tsohon kusan sau takwas. Yaran dai su ne, tiyar ce ta sake. A 2009 kuma aka ɗaga iyakar awon dantse daga milimita 110 zuwa 115. Milimita biyar, amma ita ke raba wanda za a ba biskit da wanda za a ce ma uwarsa ta koma gida.

To, kun ga matsalar. In rajistar Keita ta bi tsohon awo, ta Buza ta bi sabo, aka tara su a Tawa aka aika Yamai, lissafin ya zama haɗin gambiza, duk binciken da aka ɗora a kansa kuma ya karkace.

Duniya ta daɗe da wanga ciwon kai. Tun 1893 Jacques Bertillon, Bafaranshe, ya tsara jerin abubuwan da ke kashe mutane, wanda ya zama tushen kundin cututtuka na OMS. A 2001 Tim Berners-Lee da abokansa suka yi bayanin abin da zan kira saƙar ma'ana: kowace cuta, kowane awo, a ba shi adireshinsa guda a intanet, a rubuta dangantakarsa da saura yadda kwamfuta za ta gane. Kundi na 11, da ya fara aiki a 2022, ya bi wanga tsari.

Sai dai kwamfuta ba ta jin uwa. Uwa za ta ce masassara, ko kwamiso, ko yaro ya bushe. Wanda ke riƙe da biro ne ke zaɓar lambar da za a saka. Gobe wasunmu ne za su zauna kan wannan kujera, don haka kafin mu rubuta adadi, mu rubuta awon da muka yi aiki da shi.