Yadda Ake Ɗaga Inji da Cen-bulok Ba Tare da an Ji Rauni Ba

Da an gama girbin masara a Doguwa da Tudun Wada, kafin a shiga aikin rani a fadamun Kiru da gonakin da ke shan ruwan Dam ɗin Tiga a Bebeji, sai ka ga ƙungiyoyi sun duƙufa gyaran injuna: na tarakta, na casar shinkafa, na niƙa, da na motar da ke kai buhuna kasuwar Kwanar Dangora. Babban gyara ba ya yiwuwa sai an sauke injin, kuma a nan ne ake karya ƙafa ko a rasa yatsu. Ɗan'uwa manomi, ga abin da ya kamata ka sani kafin ka kama sarƙa.

San nauyin da za ka ɗaga

Ka kwatanta da buhun masara mai kilo 100. Injin ƙaramar mota mai silinda huɗu yakan kai buhu ɗaya da rabi. Babban injin dizal mai silinda ɗaya, irin na Sin da ake haɗawa da injin casa, yakan kusa buhu biyu. Injin Perkins da ke jikin Massey Ferguson 375 kuwa yana kusan buhu uku. In za a fito da inji haɗe da giyabos, sai ka ƙara nauyinsa a lissafi.

A jikin kowane cen-bulok akwai rubutun WLL ko SWL, misali 1T, wato tan ɗaya, kilo 1,000. Iyakar abin da aka yarda ya ɗauka ke nan. In rubutun ya goge, kada a yi aiki da shi. Kuma ka tuna, ƙarfin cen-bulok ba shi ne ƙarfin wurin da aka rataya shi ba.

Ina za a rataya?

Reshen mangwaro ko darbejiya ba wurin rataya ba ne. Daga waje lafiya lau, ciki kuwa gara ta cinye, kuma ba ya sanarwa kafin ya karye. Haka azarar rumfa, an yi ta ne don ɗaukar kwano. A yi amfani da ƙarfe mai ƙafa uku wanda aka ɗaure ƙafafunsa da sarƙa daga ƙasa don kada su baje, ko ƙarfen gilma mai kauri a kan ginshiƙai biyu. Ƙasa ta zama busasshiya, a daidaice, a sa katako mai faɗi ƙarƙashin kowace ƙafa. Ƙugiya ta sauko daidai tsakiyar injin. Cen-bulok sama yake ja, in ka ja da shi a karkace, ƙafa ukun za ta kife.

In kuna da irin na garejin birni mai taya da jak, lura da hannunsa: mai tan 2 yakan koma rabin tan in an zaro hannun har ƙarshe. A kan siminti kawai ake tura shi.

Duba kayan aiki

- Sarƙa: bi ta zobe-zobe. Wadda ta tsage, ta miƙe, ta ci tsatsa ko aka yi mata walda, a ajiye ta.
- Ƙugiya: in bakinta ya buɗe ko marfinta ya cire, ta gama aiki. Kada a dake ta da guduma a maida.
- Ɗauri: sarƙar ɗaga kaya mai lamba 8 ko 80, ko bel ɗin ɗaga kaya mai rubutun nauyi. Ban da igiyar guga, fambel da sarƙar babur.
- Noti: mai lamba 8.8 a kansa, a ɗaure shi ya shiga sosai.

Kafin a ja

Cire kan batir, a fara da mai alamar (–). A tsiyaye ruwan lagireto da baƙin mai a mazubi, kada ƙasa ta yi santsi. A kwance bututun mai, wayoyi da salansa. A sa waigi a tayoyi, a tallafi giyabos daga ƙasa.

Tarakta tana da nata sharaɗi. Injin Massey Ferguson shi ne ƙashin bayan da ya haɗa gaba da baya. Kafin a raba ta, a tokare kowane ɓangare da kansa, a cusa katako ta gefe biyu tsakanin gatarin tayoyin gaba da jikinta, in ba haka ba injin zai juye gefe.

A ɗaure a kunnuwan ƙarfe da kamfani ya yi wa injin don ɗagawa, ba a jikin famfon mai ko bututu ba. Kada ƙafafun sarƙar biyu su buɗe da yawa. In kusurwar da ke tsakaninsu digiri 60 ce, kowace tana ɗaukar kusan kashi 58 cikin 100 na nauyin. In ta kai 120, kowace na ɗaukar nauyin injin gaba ɗaya. Doguwar sarƙa ta fi gajera aminci.

Lokacin ɗagawa

Mutum ɗaya ne zai riƙa ba da umarni. A kori yara da 'yan kallo. A ɗaga kamar faɗin yatsu uku, a tsaya minti ɗaya, a duba: ya karkace? Akwai wayar da aka manta? In komai daidai, a ci gaba a hankali. An yi cen-bulok ne don mutum ɗaya ya ja. In sai biyu sun kama, to nauyi ya yi yawa ko wani noti bai kwance ba, a tsaya. A juya injin da igiya daga nesa. Kada hannu, ƙafa ko kai su shiga ƙarƙashinsa ko na daƙiƙa ɗaya. Da ya fito a sauke shi kan katakai masu kauri, ba bulo ba, don bulo fashewa yake. Kada a tafi salla ko cin abinci a bar shi a rataye, kuma kada a yi gyara yana lilo.

Ga shugabannin ƙungiya

A Ingila, dokar 1998 ta wajabta duba sarƙoƙi da ƙugiyoyin ɗaga kaya duk wata shida. Ku ɗauki wannan: sau ɗaya kafin damina, sau ɗaya kafin rani, a rubuta a littafin ƙungiya. Ku haɗa kuɗi ku sayi mai tan 2, a shafa wa sarƙarsa mai, a rataye shi inda ruwa ba ya taɓawa, a damƙa wa mutum ɗaya amanarsa.

In tsautsayi ya faɗa, a ɗage nauyin da jak ko cen-bulok, kada a fizgo mutum. A danne wurin da ke jini da tsumma mai tsabta. Wanda ya bugu a baya ko wuya, a ɗauke shi a kan allo a miƙe, a wuce da shi babban asibiti mafi kusa nan take.