Yaro Mai Galahanga da Dokar Ɗan Daura

'Yan uwa marubuta, ware yara masu lalura muka gada. An buɗe wa makafi makaranta a Gindiri a 1953, kurame kuma tasu tana Malumfashi. Shi kuwa mai galahanga, da yake ido da kunnensa lafiya lau, sai mu ce aljanu ne, mu nufi wajen ruƙiyya.

A 1994 taron Salamanca a Sifen ya nemi a haɗa su aji ɗaya da sauran yara. Sai Janairun 2019 ɗan Daura, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a dokar da ta wajabta hakan a makarantun gwamnati. To amma malamin firamare a Daura, mai fama da aji maƙil, wa ya koya masa riƙon yaron da hayaniya ke firgitarwa?